Wutar da ta zo a makare

Garuba ya ja layi da ƙusa a jikin delkon don ya san inda zai mayar, sannan ya sassauta notin, ya murɗa delkon baya kamar faɗin farce, ya ɗaure. Shekara talatin yana gyaran mota a Sokodé, bai taɓa ɓata inji da gangan ba sai yau.

Delko shi ke raba wa buji, wato fulogin mota, wuta. In aka ja shi baya, wutar sai ta riƙa zuwa a makare. Mota za ta tashi lafiya lau, amma da an taka ta sai ta yi nauyi, injin ya yi ta ɗaukar zafi.

Motar Fijo ce, ta ɗansa Alassani. Tun da yajin aiki ya rufe gari, direbobi suka rasa fasinja, samari suka mai da miƙaƙƙen titin bayan gari filin tsere: mota biyu a jere, daga gada zuwa gindin kuka. Babu wanda ya taɓa wuce Alassani. Makon jiya Garuba ya taya ɗaukar gawar wanda ya gwada wuce shi, tun ranar tsoro ya hana shi sakat.

Da wani ɗan ne, da tuni ya zaunar da shi ya wanke shi tas. Amma Alassani ɗan fari ne. Garuba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Kunyar da ya gada ke nan, kuma yana ji da ita. Ya ga gara a kayar da yaron sau biyu a gaban abokansa, ya ji haushi ya bar tseren.

Da hantsi Alassani ya shigo gareji a gurguje, ya durƙusa.

"Baba, motar lafiya?"

"Ƙalau," in ji Garuba, idonsa a kan sifana.

Alassani ya ɗan tsaya kamar akwai magana a bakinsa, sannan ya shiga ya ja.

Bayan azahar uwarsa Zénabou ta iso, mayafi a karkace.

"Maigida, sun zo gida nemansa. Mutum huɗu da bindiga, fuska a rufe."

"Neman wa?"

"Yaron nan mana. Ashe takardun 'yan zanga-zanga yake rabawa da motar. Jiya aka tsegunta masa ana farautarsa. Ya ce sai ya yi nisa in gaya maka, Dapaong ya nufa wajen kawunsa, gobe ya tsallake iyaka a Cinkassé." Ta goge fuska da mayafin. "Ni dai hankalina bai tashi sosai ba. Wa zai kamo wannan motar?"

Garuba ya saka sifana a aljihu, ya ari babur ya kama hanyar arewa.

A tsakiyar hawan dutsen Alédjo ya sami motar a gefen titi, ƙofar direba a buɗe, makulli a jiki. Takalmin yaron ƙafa ɗaya na ƙarƙashin totur. Wata tsohuwa mai sayar da doya ta matso.

"Naka ne? Tun daga ƙasa yake takawa, motar sai tari take yi, tana hayaƙi. Wata tsohuwar a-kori-kura ce fa ta cim masa. Masu bindiga suka jefa shi baya suka wuce."

"Da ransa?"

"Yana motsi dai."

Garuba ya roƙi ruwa ya cika lagireto. Ya sassauta notin, ya mai da delkon daidai kan layinsa. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Murɗa ɗaya injin ya kama. Ya taka, motar ta cinye sauran hawan ba tare da ya sauya giya ba. A saman dutsen ya tsaya. Titin Dapaong ya miƙe a gabansa, ba kowa a kai. Ya ɗauko takalmin ya ɗora a cinyarsa.

"Alassani," ya ce.