Ranar da Aka Cire Kwaɗon Ƙofar Mai Jirgi

"Inna, don mi ake kulle Kaka da kwaɗo kamar akuya?"

Kausar, ƙaramar ɗiyar Safinatu, ta yi tambayar nan ne a gaban baƙuwa. Uwani maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta tsaya da ita a hannu, ta dubi ƙofar sashen tsohon, ta dubi Safinatu.

"Awaki ka shiga su ɓata mai tabarma," in ji Safinatu da sauri. "Ke kuma bakinki ba ya hutawa."

Don Uwani ta gani da idonta, Safinatu ta zaro makullin daga wuyanta, ta cire kwaɗon, ta jefa shi cikin kwando kamar abin da ba shi da amfani.

Alhaji Haliru Mai Jirgi surukinta ne. Duk Bodinga babu wanda bai san labarinsa ba: yaron Lambara da ya bar gonar albasa ya shiga sojan sama, ya tuƙa jirgin yaƙi, ya koyar da matuƙa, har ya kai muƙamin da mutanen gari ba su iya faɗa, suka taƙaita suka ce Janar. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ƙofarsa ba ta rabuwa da masu gaisuwa. Abin da garin bai sani ba shi ne mantuwa ta kama shi. Yakan ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Yakan kira Safinatu da sunan matarsa da ta rasu. Duk sanda jirgi ya taso daga filin Sakkwato ya bi ta saman gidan, sai ya miƙe yana neman hularsa, wai ana jiransa.

Mijinta Abdulaziz yana aiki a Kaduna, umarninsa kuwa ɗaya ne a waya: kada kowa ya ji. A ce Baba yana hutawa. Mutumin da manyan hafsoshi suka ƙame wa ba zai zama abin hira a majalisar masu shayi ba. Saboda haka Safinatu ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ko gidansu na Sifawa ba ta leƙawa. Ita ke kulle tsohon, amma ita ma ba ta fi shi fita ba. Ga kunya: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta riƙe masa hannu. In ya nufi ƙofa, sai dai ta durƙusa gabansa tana "Baba, a yi haƙuri" har ya manta abin da ya tayar da shi.

Uwani ta zauna hira. Jaririn Safinatu ya farka, aka yi masa wanka, wake ya kusa ƙonewa. Safinatu ta ji ƙarar jirgi sama-sama, ba ta kawo komai a ranta ba. Sai da rana ta take ta kai abinci, ta tarar da ɗaki wayam. Babu tsohuwar hular sojan da ke rataye a ƙusa. Babu takalman Kausar.

Ta goya jariri, ta zura hijabi, ta fita.

"Janar? Ya wuce tun ɗazu," in ji telan unguwa. "Shi da amaryatai. Na ce ranka shi daɗe, ya ɗaga man hannu."

"Ina ya ce za shi?"

Tela ya yi dariya. "Ni wa, in tambayi Janar ina za shi?"

Mai kayan miya ya ce ya durƙusa ya gaishe shi. Mai faci ya ce har sara masa ya yi. Kowa ya gan shi, kowa ya ba shi hanya.

A tasha ta sami 'yan kabu-kabu a inuwa suna musun ƙwallo. Ta ce ko sun ga Baba.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," in ji wani. "Mutumin da yag gane hanya cikin girgije zai ɓace Bodinga?"

Aka yi dariya, aka koma musu. Safinatu ta tsaya, rana na dukan kan jaririn. Wayarta na hannu. Ta san abin da Abdulaziz zai ce in ta kira: ki bi a hankali, kada ki tara mana jama'a. Ta tuna Kausar ba ta ko karya da kirki ba.

"Baba ba shi da lahiya!" Muryarta ta fita fiye da yadda ta so. "Mantuwa gare shi. Bai san gida ba, bai san shekarar da muke ciki ba. Kuma ɗiyata na hannunai."

Wani mai suna Anas ya miƙe a hankali.

"Innalillahi. Ni nik kai su. Ya ce hilin jirgi, amma sai ya nuna man hanyar Shagari. Kusa da Lambara ya ce in tsaya nan. Wurin ko gida babu. Na ga abin wani iri, amma..."

"Amma mi?"

"Janar ne, Hajiya."

Babura suka tashi tare. Safinatu na bayan Anas, iska mai zafi na marin fuskarta, tana ƙirga tirelolin da ke wuce su har ta daina don zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Daga nesa ta hango su. Inda titin ya miƙe sambal tsakanin gonaki, tsohon na tsaye a tsakiyar kwalta, hula a kai, ya riƙe Kausar gam. Ya ɗaga gefen rawaninsa na wuya yana duba inda iska ke kaɗa shi. Wata motar albasa ta kauce musu tana hon, direban ya leƙo zai yi zagi, ya ga hular, ya haɗiye.

Kausar takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Leɓenta ya bushe, ko kuka ta kasa.

Safinatu ta ja yarinyar, tsohon bai saki ba. "Ba a taɓa mataimakina," ya ce. "Yanzu za a ba mu izinin tashi."

Ta durƙusa yadda ta saba. "Baba, a yi haƙuri." Bai ko dube ta ba. Can gaba wata tirela ta ɓullo.

Sai ta miƙe. Ta kama wuyan hannun surukinta a gaban maza, ta dube shi cikin ido.

"Ranka shi daɗe, an hana tashi yau. Iska ta yi yawa."

Ya dubi sama, ya dubi rawanin. "Dama na gani," ya ce. Ya biyo ta gefen titi kamar yaro.

Kafin la'asar labari ya kai Kaduna. Abdulaziz ya ce ta zubar da mutuncin gidansu a tasha, ya kashe waya. Safinatu ta shafa wa Kausar man kaɗanya a tafin ƙafar da kwalta ta ƙona, ta ɗauko kwaɗon daga kwando, ta mayar, ta rataya makullin a wuya. Har yau ba ta zuwa biki. Bambancin kawai, yanzu in Baba ya suɓuce, tela ne ke tare shi ya ce an hana tashi.

Kai mai karatu, in akwai tsoho irin wannan a gidanku, gaya wa maƙwabta tun yau. In kun ɓoye, ranar da ya fita gaishe shi za su yi su ba shi hanya, kuma ba lallai a tarar da shi kafin tirela ta iso ba.