Ginin Jiran Rusau

Lantana ta kankari bangon ɗakin da farce, yashi ya zubo mata a tafin hannu kamar garin kwaki.

"Baban Zahra, dubi nan. A jikin bangon nan fa Innarka take kwana."

Mika'ilu bai ko ɗago ba. Ai ya sani, shi ya buga bulon, siminti ɗan barbaɗe sai ka ce gishirin miya. Magini ne na gaske, amma sau biyu katafilar rusau tana baje masa ɗaki a Durumi, kuma na farkon da zuciya ɗaya ya gina shi. Tun daga nan shi da maƙwabtansa suka daina ciyar da katafila siminti.

"Kafin damina ta yi nisa za su zo su rushe," ya ce a gajiye. "In ƙarfafa wa wa?"

*

A Maitama, inda yake aiki, Injiniya Silas ya shafa sabon ginin yana murmushi.

"Wannan sabon siminti ne, yin sa ba ya ɓata iska sosai. Ka ba shi ruwa da kyau, har jikokin mai gida za su gada."

"To, oga."

Mika'ilu ya ja tiyo yana shayar da bangon a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Ɗakin karnukan gidan ne. Ko haushi bai ji ba, gajiya ta riga ta cinye masa wannan.

Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Yana fake a ɗakin karnukan, ko ɗigo bai taɓa shi ba, wayarsa ta yi ƙara. Lantana ce, kuka ya hana ta magana.

*

Ana zaman makokin Inna Asibi 'yan rusau suka iso da gwangwanin jan fenti, suna bi ɗaki ɗaki suna sa alama. Mai fentin ya tsaya a gaban tulin jiƙaƙƙen yashin ɗakin da ya rufta mata, ya nemi inda zai shafa, ya rasa.

"Malam, wa ya rushe wannan? Mu dai ba mu zo nan ba tukuna."

Mika'ilu ya zuba wa tafin hannayensa ido. Mutumin ya ɗan jira, sannan ya wuce ɗaki na gaba.