Awon Bugun Zuciyar Mudi Mai Burodi

Mudi mai burodi ya ja birkin kekensa a gindin dalbejiyar da ke bakin tashar Gazawa, domin jandarma ya ɗaga masa hannu. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Ƙafar na rawa, sai ya yi wuf ya ja riga ya rufe ta.

Shekarar da jam'iyyu suka fito kamar fara ce. Tun da aka tashi daga taron ƙasa a Yamai, kowa sai an ji ra'ayinsa, har masu keke. Wai wani buro, wato ofishin gwamnati, na so ya san ko suna tsoron kwaltar da ta ratsa kasuwa, don a yi wa manyan motoci tudun rage gudu. Kwana biyu ana tare su ana tambaya, amsa ɗaya ake samu: lafiya lau. To, wane magidanci ne zai tsaya a bainar jama'a ya ce mota na ba shi tsoro? Da takardu suka cika da lafiya lau, sai aka ce a ƙyale bakinsu, a tambayi jijiyar hannunsu. Aka turo ma'aikacin asibiti da agogo.

Ma'aikacin kuwa Habibullahi ne, mijin Dija, 'yar Mudi.

Wata huɗu ke nan da motar albasa ta take Hambali, aminin Mudi, a wannan hanya, kuma tun ranar Dija ta rantse: in ta ji ko da wasa hanyar ta fara fin ƙarfin babanta, gidanta za ta kai keken ta ɗaure. Shekara talatin yana kansa. Shi ne shagonsa, kuma saboda shi ne har yau ba a ce masa tsoho.

Habibullahi ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Baba, an wuni lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau. Kwaltar ga ai na girme ta."

"A yi haƙuri, Baba. Hannun za a ba ni. Aiki ne."

Mudi ya miƙa hannu yana kallon gabas, surukin ya riƙe yana kallon agogo, kowa kunya kamar ta kashe shi. Daidai nan wata babbar mota ta wuce da tutocin jam'iyya, tana zabga oda. Mudi ya ji zuciyarsa na duka har cikin kunne, ya kuma san yatsun nan na jin komai. Tausayin kansa ya kama shi. Shi ke nan, yau magana za ta kai gidan Dija.

Habibullahi ya rubuta ɗari da talatin da biyu. Jandarman ya leƙo takardar.

"Kai, ka bar wurin suna babu komi."

"Shef, sunan ga ba shi hita bakina, balle alƙalamina. Uban matata ne."

Jandarman ya yi dariya ya koma bakin hanya. Habibullahi ya ƙara sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ku ne na ashirin da bakwai yau. Duk hakanan hannunsu yake. Kuma abin da na ji a wurin aiki, nan yake tsayawa."

"Har Tanimu mai kananzir, da ke cika baki?"

"Ba ni faɗin suna, Baba."

Mudi ya dubi kwaltar, ya dubi masu keke suna wucewa, kowa ya ɗaure fuska kamar jarumi.

"Lahiya lau ɗin nan da na ce, goge ta," in ji shi. "Rubuta masu gaban rumhunan mahauta, inda Hambali ya faɗi. Nan za su sa tudun."

Ya gyara akwatin burodi, ya ɗora ƙafa kan feda. Har yanzu tana rawa, amma bai ja riga ya rufe ta ba.