Masar Safara'u

Karo na uku ke nan da Safara'u ta tara mutane a falonta na Gyadi-Gyadi, kuma har yau ba ta taɓa zama cikinsu na minti goma ba. Tun hantsi take tsaye gaban tanda tana juya masa. Yanzu la'asar ta gota, ƙafafunta sun kumbura, bayanta ya riƙe, ga ƙullu bai ƙare ba.

Ba don son girki ta ɗauko wa kanta wannan wahala ba. Zanen gine-gine ta karanta a jami'a, ta yi shekara shida tana aiki, sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyarta. Ta ajiye aiki da niyyar jinyar wata shida, sai ga shi ta yi shekara tara. Bara Allah ya karɓi abarsa. Da aka share makoki ta waiga, ta tarar sana'ar ta yi gaba ta bar ta: kayan aikin sun canza, waɗanda ta koya wa aiki sun zama manya. Ta dage ta koyi sababbin manhajoji a kwamfutar mijinta, ta yi zane huɗu masu kyau, ta naɗe su ta tura bayan sif. Duk ranar da ta warware su sai zuciyarta ta ce mata, wa zai ɗauki wadda ta yi shekara tara tana wankin zannuwan gado?

Mijinta Kabir ne ya kawo shawarar. "Ki riƙa gayyato abokan karatunki duk Asabar ɗin ƙarshen wata," in ji shi. "A ci a sha a yi hira. Aiki a garin nan a bakin mutane yake, ba a takarda ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta halin matarsa. Safara'u ta gwammace ta ciyar da mutum ɗari da ta buɗe baki ta roƙi mutum ɗaya.

Wadda take so ta roƙa kuwa ita ce Hajiya Nana Fatima, da ta girme ta da aji biyu a jami'a, yanzu take da kamfanin zane nata na kanta a Tarauni. Safara'u ta ji labarin tana neman ƙarin mai zane, kuma kujera ɗaya ce tak. Don wannan kujerar aka jiƙa duk shinkafar nan.

Taron ya karɓu fiye da zato. Ranar farko mata shida ne, yau sun kai goma sha huɗu: injiniyoyi, 'yan kwangila, malaman jami'a. Har da Faith, maƙwabciyarta 'yar Kafanchan, ita ma mai zane ce da ba ta daɗe da gama karatu ba. Safara'u ta gayyato ta tun farko ne don kada kujeru su zauna fayau a ji kunya.

Daga kicin tana jiyo su, ana dariya ana karɓar lambar waya. In ta shigo da kula sai a yi mata caa. "Sannu da aiki, uwar gida." "Wannan masa taki, Safara'u, sai dai a ci a yi shiru." Ita kuma ta yi murmushi ta ce su ƙara miya, ta juya da sauri wai za ta ƙone. A faɗi gaskiya komai ɗacinta, ba tandar ce ta riƙe ta ba. Akwai mai masa a bayan layinsu da za ta iya yi mata duka ta kawo har gida. Ɓuya take yi, kuma ta san ɓuya take yi. A gaban tanda babu mai tambayarta ina take aiki yanzu.

Gab da magariba Hajiya Nana ta miƙe. Safara'u ta kashe gas ta zari mayafi.

"Ki zauna, kin gaji," in ji Hajiya.

"A'a Hajiya, bari in ɗan taka miki."

Kowa ya sani maganar da ta gagara a falo a rakiya ake yin ta. Sau biyu Safara'u tana wannan rakiya har bakin titi inda Hajiya ke ajiye mota, sau biyu tana ɓata ta a kan zafin gari da rashin wuta. Yau ta rantse wa kanta za ta faɗa. Suka wuce mai gyaran babur, suka tsallake kwata. Mayafinta sai ƙaurin mai yake yi, Hajiya kuwa ƙamshin turare.

"Dama ina son magana da ke," in ji Hajiya.

Safara'u ta rage tafiya.

"Ranar Alhamis za mu yi 'yar walima a ofis. Mun ɗauki sabuwar mai zane, Faith ɗin nan taki. A falonki na tsince ta, tun zuwan farko ta matso kusa da ni ta nuna mini aikinta a waya. Yarinya mai ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. To masarki nake so, ta mutum talatin."

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Safara'u ta lalubi haushin Faith a ranta ba ta samu ba, yarinyar ba ta yi komai ba sai abin da aka kira taron dominsa. Gajiya ce kawai ta sauko mata, irin wadda ba barci ke maganinta ba. Amsa mai sauƙi tana kan harshenta: to Hajiya, Allah ya kai mu. Da ta faɗe ta, da shi ke nan, ta zama mai masa har abada.

"Hajiya, ba na sayar da masa," ta ce. "Zane nake yi. Kujerar nan ni na so ta. Don ita na fara tara ku."

Hajiya ta tsaya da makulli a hannu, ta dube ta sosai, kamar yau ta fara ganin fuskarta.

"Ikon Allah. Safara'u, wata uku ina zuwa gidanki, ban da bayanki babu abin da nake gani. Na ɗauka kin rufe wannan babin."

"Ban rufe ba."

"To ai ba ki faɗa ba, ƙanwata. Da kin ce uffan, wa zan duba in bar ki? Yanzu kwana goma ke nan da na ba yarinya takarda. Ba zan karɓe ba."

"Kada ki karɓe, Hajiya. Rabonta ne."

Hajiya ta shiga mota, ta tayar, sannan ta sauke gilashi. "In wani ya tambaye ni, in ce kina nema?"

"Ki ce ina nema."

Motar ta hau titi ta nufi Tarauni. Safara'u ta tsaya a wurin, 'yan adaidaita na yi mata hon tana girgiza musu kai. Maganar da ta yi wata uku tana tsoro ko minti ɗaya ba ta ci ba, kuma ta makara da kwana goma.