Allon Ba'ana

Ba'ana ya fito daga wanka da gudu, tawul a wuya, ya tsaya cak a ƙofar ɗakinsa. Allon da ya jingine a bango yana nan, amma an wanke shi tas.

"Innalillahi! Wa ya taɓa mini allo?"

Wata huɗu ke nan yana koyon Sinanci wajen Malam Jona, wani ɗan Biu da ya yi karatu a China. Ba'ana bakaniken keke napep ne a unguwar Bulumkutu. Wani kamfanin sola na 'yan China zai ɗauki mutum biyu ya kai su China horo, kuma yau ƙarfe goma za a yi gwajin. Kai, haruffan nan sun ba shi wahala! Kowane ɗaya kamar an zubar da ashana a ƙasa. A takarda sun ƙi zama a kansa, sai ya koma yadda ya saba tun yana yaro, ya samo allo da tawada da alƙalamin kara. Haruffa sittin mafi wuya ya jera a kai, don ya yi bitar ƙarshe da safen nan. Takardar da ya kwafo su kuwa tuni ya mayar wa Jona.

Kakarsa Yagana ta fito daga kicin da ƙwarya a hannu, tana murmushi.

"Ni na wanke. Ungo, shanye. Mai jarrabawa ya bar rubutu ya bushe a allo? Na sha rabi saboda gwiwata."

"Kaka! Wannan fa..."

"Kul! Ka yi bismilla."

Haushi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Amma wa zai yi musu da Yagana? Ya kafa kai ya shanye, ya fita yana ƙunƙuni. A hanya ya kira Jona. Maimakon jaje, mutumin nan dariya ya yi ta yi har da tari.

"To ai yanzu suna cikinka, Ba'ana. Je ka kawai."

A ofishin, wata 'yar China mai tabarau ta miƙa masa takardar gwajin da biro. Ya rufe ido, ya riƙe biron kamar alƙalamin kara. Sai hannun ya tafi da kansa. Ashe sau ɗarin da ya rubuta ya goge bai tafi a banza ba. Biyar suka kufce masa, sauran duk suka zo. Matar ta daɗe tana kallon tsabtar rubutun, ta ce ya kawo fasfo ranar Litinin.

Da murna ya shigo gida bayan azahar, sai ya tarar da maƙwabciyarsu Ya Falmata da wasu tsofaffi biyu a kan tabarma, kowacce da ƙwaryarta. Yagana ta riga ta zaga unguwa da labarin cewa rubutun jikanta ya warkar mata da gwiwa.

Ya durƙusa kusa da ita, ya rage murya. "Kaka, don Allah ki sallame su. Abin da kika sha fa ba addu'a ba ce. Sunan batir ne da waya da fitila, da Sinanci."

Yagana ta dube shi, ta miƙe ƙafarta, ta lanƙwasa, ta sake miƙewa.

"Batir ko? Shi ya sa!" Ta juya wajen baƙin. "Ku matso. Ba'ana, wannan karon ka cika batir ɗin, Ya Falmata bayanta ne ke ciwo."