Igiyar da Za Ta Sauko da Baba

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Na tsinci kaina a wani gari mai kama da namu, sai dai a can ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Hadari yana haɗuwa a cikin kwata, ya yi ta rugugi a ƙarƙashin ƙafar mutane, sannan ya tsuge sama. Mahaifina yana zaune a ƙofar gida kan tabarmarsa, inda muke fito da shi ya sha hantsi tun da ciwon ɓarin jiki ya hana shi tafiya. Na shiga ciki ɗauko masa buta. Kafin in fito ruwa ya tashi da shi, shi da tabarmar, ya dire su a kan wani dogon dutse da ke bayan gari.

Maƙwabta suka ce in kwantar da hankalina, abu ne da aka saba. Sai dai in hanzarta, don dutsen yakan tafi kiwo da magariba, in kuwa ya tafi ba ya dawowa sai kaka. Suna cin gyaɗa suka faɗa mini haka, kuma ko mutum ɗaya bai motsa daga inda yake ba.

Sai ga ni a shagon kayan hawan dutse. Mai shagon akuya ce, Hajiya Kyalla, da tabaranta a kan hanci. Na ce mata igiya nake so mai ƙwari, wadda za ta ɗauki mutum biyu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a garin nan ba mutum ke zaɓen igiya ba, igiya ke zaɓen mutum. Ta jere su a ƙasa, ta ce in zauna su gan ni.

Ta farko ja ce, sabuwa dal, amma tana tsoron tsawo. Ina nuna mata dutsen ta taga ta nannaɗe ta shige ƙarƙashin benci. Ta biyu tsohuwar igiyar guga ce, ta ce ita sauka kawai ta iya, hawa kuwa sai an ja ta. Ta uku ta tambayi ɗan gidan waye ni. Na faɗa mata, ta ce za ta gwada, amma da sharaɗin kada in yi mata tsawa. Hajiya Kyalla ta kama bakin igiyar ta tauna, ta haɗiye kusan kamu guda, ta ce mai kyau ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan dabba a kan dutse aka haife ta, ba ta taɓa hawa da igiya ba a rayuwarta. Igiyar da ta sani ita ce ta turke. Amma ga ni zaune gabanta ina cewa "To, Hajiya," ubana yana can sama yana shan iska, inuwa kuma sai ƙara tsawo take yi.

Ta ba ni takalmin roba mai kama dutse, ya matse ni har yatsuna suka hau kan juna. Na ce ya yi mini kaɗan. Ta ce duk takalmin hawan da bai sa mutum ƙwalla ba, ba nasa ba ne. Ta miƙo hular kwano na kifa a kai, sai ta ja tsaki, ta ce duwatsun nan sama suke faɗawa, a mazaunai ake ɗaura ta. Ta ɗaura mini wata ɗamara mai ratsa cinyoyi, ta rataya mata ƙugiyoyin ƙarfe, ta ƙara da jakar alli don kada tafin hannu ya yi santsi. Rabin allin ta lashe a gabana.

Daga nan ta tambaye ni wa zai riƙe mini igiyar daga ƙasa. Na ce ina da wa, Yaya Tukur, amma yana Fatakwal. Ta ce ya isa. Ta kira shi a wayata, ta zura bakin igiyar cikin wayar, ta jingina ta a gindin dutse.

"Na riƙe, Sallau," in ji Yaya. "Kai dai hau. Ka gaishe da Baba, ka ce ina nan tafe bayan salla."

Na fara hawa. Takalmin nan da ya so ya kashe ni sai ga shi yana manne wa dutse, tsakuwa kuma tana tasowa daga ƙasa tana buga hular da ke bayana. Wato akuyar ta yi gaskiya, kuma hakan ya ƙara ɓata mini rai. Duk tsagar da na samu in cusa ƙarfe, in maƙala ƙugiya, in ratsa igiya. Daga cikin waya Yaya yana ta ba ni shawara, wai in sa ƙafar hagu, wai in daina kallon ƙasa, wai shi da shi ne da tuni ya kai. Mutumin da ko dutsen ba ya gani.

Ina tsakiyar wani wuri mai sulɓi ya ce in ɗan jira, ya yi baƙi. Igiya ta saki, ta yi lagwab a ƙuguna. Na buɗe baki zan zazzaga masa abin da na daɗe ina haɗiyewa, sai na tuna igiyar ba ta son tsawa. Na haɗiye. Da farce da gwiwa na ƙarasa, ina huci.

Baba yana zaune a kan tabarmarsa a can ƙoli, a wani wuri da bai fi faɗin faifai biyu ba, yana jan carbi. Na ɗora ƙafa ɗaya a gefen tabarmar. Bai dubi fuskata ba, ƙafar ya duba.

"Da takalmi za ka gaishe ni?"

Ban yi tunani ba. Tun ina yaro ban taɓa taka shimfiɗarsa da takalmi ba, jikina ya riga kaina yanke shawara. Na saki dutsen da hannu biyu, na tuɓe takalman, na durƙusa na ce, "Baba, barka da yamma." Ya amsa a nutse, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin gaisuwar takalman suka faɗa sama. Ina kallonsu har suka ɓace.

Sai dutsen ya yi miƙa a ƙarƙashinmu. Rana ta yi ja.

Na juya masa baya, na ce ya kama wuyana in goya shi, ko ba takalmi za mu sauka. Ya leƙa ƙasa. Duk garin sun taru a gindin dutse, har da masu gyaɗa, sun ɗaga kai suna kallo.

"Ni na goya ka," ya ce. "A gaban mutanen nan ba za ka goya ni ba."

Na roƙe shi. Na ce in ɗaura masa ɗamarar in zura shi a hankali, ya ce shi ba tunkiya ba ne. Na ce dutsen zai tafi da shi har kaka, ba magani, ba bargo. Ya ce Allah na nan. Haushi ya turnuƙe ni, haushin akuya, da na Yaya, da na 'yan kallo, da nasa shi kansa, tsoho mai taurin kai da ya gwammace dutse ya tafi da shi da a gan shi a bayan ɗansa. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Igiyar ta kwance kanta daga ƙuguna ta sulale ƙasa. Dutsen ya ɗaga ƙafa ya yi taku na farko.

Ƙarar cokali a jikin kofin silba ce ta tashe ni, ƙwal, ƙwal, ƙwal, daga ɗakin da ke jikin nawa. Da ita Baba yake kira in yana son a kai shi bayan gida. Gari ya waye. Na shiga na gaishe shi, na tsuguna a bakin gadon na ba shi baya. Ya juya ya dubi ƙofa.

"Ba kowa a tsakar gidan?"

"Ba kowa, Baba."

Ya saƙalo hannunsa mai lafiya a wuyana, na miƙe da shi. Matata tana bakin murhu. Tana jin tafiyarmu ta juya mana baya, ta duƙa tana hura wutar da ta riga ta kama.