Mabuɗin da Aka Hana Mai Faci

Manhajarmu ta kula da ɗakin ajiyar magani ce a ƙananan asibitoci: me ya shigo, me ya fita, wanne ya kusa lalacewa. Kyauta ce, a buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta ya kawo gyara. Sai dai gyara ba ya shiga uwar manhaja sai mai mabuɗi ya sa hannu. Mu biyar ne masu mabuɗi, kuma da muka ga mun kai biyar sai muka naɗa kanmu kwamiti.

Ƙanin matata ya shekara shida yana mana aiki. A ɗakin maganin wani asibiti yake, tsakanin kwalaye da wani firij mai gurnani, kuma duk cikinmu shi kaɗai ne yake amfani da abin da muke rubutawa. Mai Faci muke ce masa, saboda aikinsa ke nan, liƙe ɓarakar manhaja. Yana da wata ɗabi'a: idan ya ga ka tafka kuskure, ba ya rubutawa a dandalin da kowa ke karantawa. Saƙo zai turo maka kai kaɗai, "Ka duba layi na arba'in." Ka duba, gumi ya keto maka, ka gyara, ka tura, jama'a su yaba maka. Ya ce bai ga ribar kunyata magidanci a bainar jama'a ba.

Ana haka Shugaban kwamitin ya je wani taro na kwana uku, ya dawo da jaka mai tambari da sabuwar doka. Daga yanzu duk mai neman mabuɗi sai ya nuna maganar da ya yi a fili: rubutu a dandali, jawabi, bidiyo. Ya ce aikin da jama'a ba su gani ba daidai yake da wanda ba a yi ba. Muka tafa. Mabuɗi ɗaya za a bayar a bana, masu nema biyu: Mai Faci da wani da ake kira Lasifika, wanda ya shigo bara, kuma tun ranar bai rufe baki ba.

Ana gobe zaman zaɓen Mai Faci ya biyo ta gidanmu da la'asar. Ya zauna a bakin kujera, hannunsa duk jan tawada.

"Wannan jan fa?" na ce. "Ka koma yanka ne?"

"Kwalaye nake bi da jan alƙalami ina yi wa matattu alama, Yaya. Manhajarku tana ce min maganin da ya mutu tun watan uku yana da rai har watan sha ɗaya. Gyaran da na tura na nan a layin jira wata huɗu, ba wanda ya sa hannu. Da da mabuɗi a hannuna, aikin minti biyar ne."

"Manhajarku? Yau kuma ta zama tamu?"

"Idan ta yi kyau tamu ce."

Matata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban yara, ai kai za ka faɗa musu irin aikin da yake yi. Ka san shi, ko a gida sai an matse shi yake cewa ya ƙoshi."

"Ki bar min wannan," na ce, da irin muryar da nake ajiyewa domin alkawuran da ba a zo wajen cika su ba.

Washegari da hantsi muka haɗu a ɗakin kwamfuta na wata makaranta da muke ara. Kujerun yara, fanka ɗaya mai lilo, kwamfutoci lulluɓe da leda. Shugaba ya haska allo a bango. Lasifika: rubutu ɗari tara da sha biyu, jawabi uku, bidiyo tara. Mai Faci: rubutu huɗu. Uku daga ciki "Na gode" ne.

"Malam," in ji Shugaba, yana zare tabarau, "ba wai ana raina ka ba ne. Amma shekara shida, ina aikin?"

Mai Faci ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai duba kwanan wata a jikin kwalabe. Aikin yana cikin aljihunmu. Kowa a ɗakin nan wayarsa cike take da "ka duba layi kaza". A tawa akwai saba'in da ɗaya, na ƙirga su da safen nan a banɗaki. Amma duk wanda ya buɗe baki ya ce ga aikin, to ya ce ga kurakuraina ke nan. Sakatare ya shiga gyaran igiyar caja. Ni kuma na gano cewa akwai rubutu a jikin robar ruwana, na duƙufa karanta shi.

"Gyare-gyarena suna nan a rubuce," Mai Faci ya ce daga ƙarshe.

"Wannan na'ura ka yi wa magana," in ji Shugaba. "Mu mutane muke nema ka yi wa."

Lasifika ya dafa kafaɗarsa. "Ɗan'uwa, kada ka damu. Ina da bidiyo a kan yadda mutum zai tallata kansa, minti arba'in ne kacal. Zan turo maka."

Aka kaɗa ƙuri'a. Huɗu ga Lasifika. Ni na ƙaurace, na ce akwai surukuta a tsakani, Shugaba har ya yaba min gaskiya.

Ranar Litinin Mai Faci ya bi doka. Ya rubuta a dandali, inda kowa ke gani, jimla huɗu: layi na ɗari da sha takwas yana musanya rana da wata, saboda haka mataccen magani yana fitowa a mai rai, Shugaba ne ya rubuta layin, an sanar da shi sau uku ta saƙo. Bai ƙara ko wasali ba.

Kafin azahar an kira zaman gaggawa ta bidiyo. Ba a taɓo maganar magani ba. Lafazi aka tattauna, awa biyu. Sakatare ya ce rubutun ba shi da sallama. Lasifika ya ce shi abin ya sosa masa rai, kuma zai yi bidiyo a kan haka. Shugaba ya ce ba don kansa yake ji ba, don al'umma ne, sannan ya karanto sashen ladabi na dokokinmu, wanda ya hana ambaton sunan mutum ta hanyar da za ta zubar masa da ƙima. Aka dakatar da Mai Faci daga dandali wata uku. Na sake ƙauracewa. Abin ya fara zame min jiki.

Da yamma Lasifika ya ɗauki gyaran nan da ya yi wata huɗu a layi, ya sa masa hannu da sabon mabuɗinsa, ya sanar da duniya cewa an ceto rayuka. Mutum ɗari biyu suka yi masa jinjina.

A gida matata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye min abinci ta ce, "Ya ce in gaishe ka. Wai ka yi ƙoƙari." Ta koma ciki ta jawo ƙofa.

Bayan kwana tara na tura wani ɗan gyara nawa a kan shafin karɓar kaya. Ina tsaye a layin biyan kuɗin wuta wayata ta yi ƙara. Mai Faci ne.

"Yaya, ka duba layi na sittin da biyu."

Na fita daga layin, na zauna a kan dakalin bakin ofishin, na buɗe kwamfuta a cinya. Na duba. Da abin ya shiga haka, duk kwalin da aka karɓa, sau biyu zai fito a lissafi. Na gyara, na tura. Ba a yi rabin awa ba Lasifika ya sa hannu, ya rubuta a dandali cewa irin wannan tsabtar aiki sai manya.

Na rubuta wa Lasifika a ƙasa, inda kowa ke gani: "Na gode."